Ku Tambaya Mu Amsa: In Zaɓe Kaɗai Bai Isa Ba, Me Ke Ba Gwamnati Halacci?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon yawancin saƙonnin da suka shigo a kan mulki suke, wa ya cancanci a yi masa biyayya wa bai cancanta ba, sai na haɗa su wuri guda. Tambayoyin na bar su yadda masu su suka rubuto, tsayi kawai na rage wa wasu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ni dalibi ne ina aji uku a kimiyyar siyasa, malaminmu kullum sai yace gwamnati kaza bata da halacci alhali kuma zabe akayi taci. Toh in zabe bai bada halacci ba me zai bayar? Abun ya daure min kai wlh. (Daga wani ɗalibi)

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Malaminku na da gaskiya, sai dai da alama bai tsaya ya warware muku ba. Wanda kowa ke farawa da shi a wannan fage shi ne Max Weber, Bajamushen masanin zamantakewar nan da ya rasu a 1920. Shi cewa ya yi mutane kan bi mai mulki da yardar ransu ko dai don gado da al'ada, haka aka tarar iyaye da kakanni na yi, ko don kwarjinin shi mutumin, ko kuma don doka, wato kujerar ake wa biyayya ba wanda ke zaune a kanta ba. A wajensa in dai mutane sun yarda a ransu cewa mulkin daidai ne to magana ta ƙare.

Amma fa ka duba, in yarda ce kawai ma'auni to duk wanda ya riƙe rediyo da talabijin da makarantu ai zai iya ƙera ta da kansa. Wannan ne David Beetham na Ingila ya kama a 1991, ya ce ba a tsayawa a kan me mutane suka yarda da shi, sai an duba ko ta hanyar da doka ta tsara aka hau mulkin, sannan ita kanta dokar ko za a iya kare ta da abin da mai mulki da wanda ake mulka duk suka ɗauka adalci ne, sannan ko akwai wani abu a zahiri da mutane suka aikata da ke nuna sun amince. Zaɓe yana shiga na farko da na ukun, shi ya sa yake da nauyi sosai, amma zaɓen da aka kulle ɗan takarar adawa kafin a yi shi, aka rufe jaridu, ai bai nuna amincewar kowa ba.

Ga misali. A 2009 Ben Ali na Tunisiya ya ci zaɓe da kusan kashi 90 cikin 100. Ran 14 ga Janairun 2011 ya tsere zuwa Saudiyya, jama'a sun cika titi. To ina kashi 90 ɗin nan suka shige cikin wata goma sha biyar? Timur Kuran, wani masanin tattalin arziki ɗan asalin Turkiyya, ya yi rubutu a kan irin wannan bayan rushewar gwamnatocin gurguzu na gabashin Turai a 1989, ya ce a ƙarƙashin tsoro kowa ɓoye ra'ayinsa yake yana faɗin abin da ake so a ji, har ya zama shi kansa mai mulkin bai san matsayinsa ba, maƙwabci bai san maƙwabcinsa ma ya gaji ba, sai ranar da wasu 'yan kaɗan suka fito sai kowa ya ga ashe ba ni kaɗai ba ne. Ceausescu na Romaniya ran 21 ga Disamban 1989 ya tara jama'a don su yi masa tafi yadda aka saba, aka fara yi masa ihu yana tsaye a baranda, bayan kwana huɗu aka harbe shi.

Ni abin da na fi kallo, kuma masana da dama yanzu can suka karkata, shi ne halin wanda ya faɗi zaɓe. Adam Przeworski ya taƙaita dimokuraɗiyya da cewa tsari ne da jam'iyyu ke faɗuwa zaɓe a cikinsa. Wanda ya ci ai dole ya ce zaɓe ya yi kyau, wannan ba labari ba ne. Wanda ya sha kaye fa, ya haƙura ya koma gida saboda ya san ba za a kama shi ba kuma bayan shekara huɗu ko biyar zai sake gwadawa? Al Gore a Amurka a 2000 ƙuri'a 537 ce ta raba shi da George Bush a jihar Florida, kotun ƙoli ta yanke abin da bai yi masa daɗi ba, ya fito ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa. Ka haɗa da abin da ya faru a majalisar ƙasar ran 6 ga Janairun 2021, da magoya bayan Trump suka kutsa cikinta don sun ƙi yarda ya faɗi zaɓe, ƙasa ɗaya ce, kundin tsarin mulki ɗaya. Ka kai wa malaminku wannan ka ji me zai ce.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni gani nake duk surutun turawa ne kawai, sojoji in sunyi juyin mulki mutane fitowa suke suna murna a titi, wannan ba shine yardar jama'a ba? Meyasa za'a ce musu haramtattu? (Daga wani mai karatu)

AMSA: Yauwa ɗan'uwa, barka kadai. Murnar nan gaskiya ce, ba kullum hayar mutane ake ba, kuma duk wanda ya raina ta bai san me mutane suka sha a hannun gwamnatin da aka kifar ba. Cibiyar Afrobarometer da ke jin ra'ayin jama'a a Afirka, a rahotonta na 2024 da ya shafi ƙasashe 39, ta samu kashi 66 cikin 100 sun fi son dimokuraɗiyya a kan kowane irin mulki, amma kuma kashi 53 sun ce za su iya lamuntar sojoji su karɓa in zaɓaɓɓun shugabanni suka ci amanar kujerar. Kenan akwai mutane da yawa da suka ce e ga duka biyun, kuma ba ruɗewa suka yi ba, cewa suke muna son tsarin amma waɗannan da ke kai sun lalata shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne taron titi yana gaya maka abin da mutane suka ƙi, ba ya gaya maka abin da suka zaɓa. Kuma wa ya ƙirga? Dubu hamsin a dandali hoto ne mai cika ido, amma miliyoyin da suka zauna a gida fa, kuma wanda bai ji daɗin juyin mulkin ba zai iya fitowa da nasa kwalin washegari ya koma gida lafiya? In ba zai iya ba to murnar ɗaya ɓangaren ba ta zama ƙuri'a ba.

Nancy Bermeo a 2016 ta lura cewa juyin mulkin zamanin nan ya canza salo, yanzu kusan kowane soja da ya hau cewa yake na zo ne in gyara dimokuraɗiyya in yi zaɓe in tafi, ta kira shi juyin mulkin alkawari, ta bi sawunsu ta ga kaɗan ne suka kai ga zaɓe na gaskiya, waɗanda abin ya gyaru bayansu kuwa sun fi ƙaranci. Janar Prayut na Tailan ya karɓi mulki a 2014 da alkawarin zaɓe nan kusa, sai 2019 aka yi, kuma shi ɗin dai ya ci gaba da zama firaminista har 2023. A Masar miliyoyi sun fito kan Mursi a 2013, Sisi ya cire shi ran 3 ga Yuli, wata guda da 'yan kwanaki aka kashe ɗaruruwan masu zaman dirshan a dandalin Rabi'a, a 2019 kuma aka gyara kundi yadda zai iya kaiwa 2030. A Mali sojojin 2020 wa'adin wata 18 aka yi da su, har 2025 ba a yi zaɓen ba.

Don adalci, akwai inda abin ya haifi ɗa mai ido. Sojojin Fotugal sun kifar da kama-karya ran 25 ga Afrilun 1974, shekara guda daidai aka yi zaɓe, ƙasar har yau tana kan dimokuraɗiyya. Amadou Toumani Touré ma ya karɓa a Mali a 1991 ya miƙa a 1992. Masana biyu, Marinov da Goemans, sun nuna a 2014 cewa bayan yaƙin cacar baka yawancin juyin mulki kan kai ga zaɓe cikin shekara biyar saboda matsin masu ba da tallafi, sai wasu suka zo a 2016 suka ce a'a ku duba da kyau, abin da ya fi yawa shi ne wani sabon kama-karyar ya maye tsohon, kuma sau da dama danniya ƙaruwa take. Har yanzu ana wannan muhawara. Ni dai tambayata ga kowane soja ɗaya ce, in ka gaza kai ma, ta wace hanya za a cire ka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce. Dalibaina sunce wai hakkin dan Adam dinnan kayan turawa ne da suka kakaba mana, su kansu basa bi. Na rasa amsar da zan basu saboda nima wani lokacin haka nake gani. (Daga wata malamar sakandare)

AMSA: Wa'alaikumussalam Malama, Allah ya ƙara basira. Kar ki yi saurin ƙaryata su, rabin maganarsu gaskiya ce. Ranar 10 ga Disamban 1948 da aka amince da sanarwar haƙƙin ɗan Adam a Paris, Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashe 58 ne kacal a cikinta, daga Afirka huɗu ne, Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu, sauran duk suna hannun 'yan mulkin mallaka ba wanda ya tambaye su. Batun su kansu ba sa bi kuwa, ga Guantanamo tun 2002, ga mamayar Iraƙi a 2003, ga Amurka ita kaɗai ce mamba a Majalisar da har yau ba ta tabbatar da yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ba. Makau Mutua, farfesan shari'a ɗan Kenya, ya yi wani rubutu mai zafi a 2001 yana cewa yadda ake ba da labarin haƙƙin ɗan Adam kullum akwai mugu ɗan ƙasa mai tasowa, akwai abin tausayi, sai kuma Bature mai ceto, kuma wannan tsohon labarin mulkin mallaka ne aka sake wa riga.

Ɗaya rabin kuma shi ne wanda ba a cika koyarwa ba. Cikin waɗanda suka tsara sanarwar akwai Charles Malik na Labanan da Peng Chun Chang na Sin, kuma Hansa Mehta ta Indiya ce ta dage sai da aka cire lafazin da ke nuna maza aka sa dukkan 'yan Adam a sashe na farko. Ƙasashen Latin Amurka sun riga kowa, tasu sanarwar tun Afrilun 1948 suka fitar a Bogota. Da aka zo ƙuri'a 48 suka ce e, ciki har da Masar da Pakistan da Iran da Iraƙi da Afganistan da Turkiyya, ba wanda ya ce a'a, 8 suka ƙaurace, wato Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, da Saudiyya saboda sassan aure da sauya addini, da Afirka ta Kudu saboda ta san wariyar launin fata ba za ta zauna da wannan takarda ba.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne abin da ya biyo baya. Da aka zo mayar da sanarwar yarjejeniya mai ɗaure ƙasa, Ingila da Faransa da Beljiyam ne suka nemi a sa wani sashe da zai ba su damar cire yankunan da suke mallaka daga ciki, ƙasashen da suka samu 'yanci suka ƙi. Su ne kuma suka tura yarjejeniyar yaƙi da wariyar launin fata ta 1965, su suka sa 'yancin kowace al'umma ta mulki kanta ya zama sashe na ɗaya a manyan yarjejeniyoyi biyu na 1966. Wani masanin tarihi ɗan Denmark, Steven Jensen, ya bi takardun shekarun 1960 ya nuna rawar da Jamaika da Ghana da Laberiya da Filifin suka taka. Samuel Moyn kuma a 2010 ya zo da wata magana da ta tada ƙura, wai haƙƙin ɗan Adam yadda muka san shi yau, na ƙungiyoyi da rahotanni da kamfen, sai a shekarun 1970 ya samu kasuwa bayan mutane sun yanke ƙauna daga gurguzu da sauran manyan mafarkai, 1977 Amnesty ta samu kyautar Nobel, a shekarar Carter ya hau mulkin Amurka yana wa'azinsa. Kathryn Sikkink da wasu ba su yarda ba, suka ce ya share gwagwarmayar ƙasashe masu tasowa ta shekaru talatin kafin nan.

Wanda nake ganin zai fi yi wa ɗalibanki amfani shi ne Abdullahi An-Na'im, masanin shari'a ɗan Sudan. Shi ya ce haƙƙin da mutane ke ji daga waje aka kawo musu ba zai yi saiwa ba komai yawan takardun da gwamnati ta sa wa hannu, sai an yi muhawararsa daga cikin addini da al'adar mutanen, da hujjojin da su suka yarda da su. Ba kowa ya yarda da inda shi ya kai tasa muhawarar ba, amma hanyar tana da ma'ana. Ki tambaye su Malama, wanne ne na Turawan a ciki, kar a azabtar da mutum a ofishin 'yan sanda, ko kar a tsare shi shekara uku ba shari'a? Za ki ga gardamar ta koma kan sassa 'yan kaɗan, ba duka sassa talatin na sanarwar ba. Sannan su lura da bakin wa kalmar kayan Turawa ta fi fitowa, na wanda ke tsare ko na wanda ya tsare shi.

TAMBAYA: Malam ni dan kasuwa ne ba dan boko ba. China ba zabe suke ba amma kowa yaga inda suka kai. Dimokuradiyyar da bata kawo abinci da wuta da tsaro ba meye amfaninta? (Daga wani ɗan kasuwa)

AMSA: Alhaji ai tambayarka ita ce manyan farfesoshi ke ta fama da ita. Suna kiran wannan halaccin aiki, wato a bar ni in yi mulki saboda ga abin da na yi. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a Sin cikin shekara arba'in daga 1978. Singafo ma haka a hannun Lee Kuan Yew.

Sai dai jam'iyyar nan da ta yi wannan ita ce dai ta jefa ƙasar cikin yunwar 1959 zuwa 1961, wadda mafi ƙarancin ƙiyasi ke cewa ta kashe mutum miliyan 15, wasu na kaiwa 45, jami'ai na aika rahoton ƙarya cewa amfanin gona ya yi albarka saboda tsoro, ba jaridar da za ta ce ƙarya ne. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, wanda ya ga yunwar Bengal ta 1943 da idonsa yana yaro, daga nan ya fitar da maganarsa da ta shahara cewa ba a taɓa yin babbar yunwa a ƙasa mai cin gashin kanta da ke da zaɓe da 'yancin jarida ba, don gwamnatin da ke tsoron akwati ba za ta bari a mutu a fili haka ba. Amma shi ɗin dai ya yarda Indiya ta gaza wajen tamowa ta yau da kullum wadda ba ta shiga kanun labarai, har Sin ta fi ta a nan.

Ɓangaren tattalin arziki, Przeworski da abokansa a 2000 sun ce in aka yi jimilla ba wani bambanci a saurin bunƙasa tsakanin tsarin biyu. A 2019 Acemoglu da Robinson da wasu biyu suka duba ƙasashe 175 daga 1960 zuwa 2010 suka ce ƙasar da ta koma dimokuraɗiyya arzikin kowane mutum kan ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 a shekara 25 fiye da in ba ta koma ba. Wani kuma, Luis Martínez, ya yi dabara a 2022, ya gwada hasken wutar dare da tauraron ɗan Adam ke ɗauka da alƙaluman da gwamnatoci ke bayarwa, ya ga masu kama-karya na kumbura bunƙasarsu, in ainihin 1 ne su rubuta wajen 1.35. Ka san wannan a kasuwa Alhaji, wanda ba mai duba littafinsa ribar da ya ga dama yake rubutawa. Kuma in za ka ɗauki Sin ka ɗauki Zayar ta Mobutu da Koriya ta Arewa, duk kwando ɗaya ne, ba a ba ka zaɓin wanne zai faɗo maka ba, in kuma mugun ne ya faɗo ba ranar mayarwa. Mobutu shekara 32 ya yi.

TAMBAYA: Yaya wai duk yarjejeniyoyin nan da kasashe ke sa hannu suna hana wani abu kuwa? Ko takarda ce kawai? (Daga wata ɗalibar lauya)

AMSA: Ƙanwata, Oona Hathaway ta jami'ar Yale ta yi wannan tambayar a 2002 ta duba ƙasashe 166, amsar da ta samu ba daɗi, sa hannu ba ya nuna ƙasa za ta gyara hali, wani lokacin ma masu sa hannun sun fi ɓarna, sun sa ne don a ƙyale su. Beth Simmons ta zo a 2009 ta ce a raba ƙasashen tukuna. Inda dimokuraɗiyya ta kafu yarjejeniya ba ta ƙara komai sosai, inda kama-karya ta kafu ba mai iya amfani da ita, amma ƙasashen tsakiya, masu kotu da lauyoyi da ƙungiyoyi da ɗan sararin numfashi, a nan take aiki, don mutanen cikin gida ne ke ɗaukar takardar su je kotu su ce ga abin da kuka sa wa hannu. Wato ba ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva ne ke tilastawa ba, ku ne lauyoyi.

Wani lokacin kuma takardar kan juyo kan mai ita. Gwamnatin soja ta Janar Pinochet ce da kanta ta tabbatar da yarjejeniyar hana azabtarwa a Chile a 1988, bayan shekara goma aka kama shi a Landan, kuma da wannan yarjejeniyar alƙalan Ingila suka kafa hujja a 1999 cewa rigar kariyarsa ba ta rufe azabtarwa ba. An dai sake shi a 2000 don rashin lafiya. Hissène Habré na Chadi kuwa bai tsira ba, ɗaurin rai da rai aka yi masa a Senegal a 2016 bayan waɗanda ya azabtar sun shafe shekaru suna binsa.

TAMBAYA: Malam da gaske ne dimokuradiyya mutuwa take a duniya? Kullum haka nake gani a Facebook. (Daga wani matashi)

AMSA: Ya danganta da wa ka tambaya kuma me ya ƙirga. Ƙungiyar Freedom House ta Amurka, mai auna 'yanci a ƙasashe, na cewa tun 2006 kowace shekara ƙasashen da suka ja baya sun fi waɗanda suka ci gaba. Cibiyar V-Dem ta jami'ar Gothenburg a Suwidin na cewa sama da kashi 70 cikin 100 na mutanen duniya na zaune ƙarƙashin wani nau'in kama-karya, sai dai ka sani tun rahoton 2021 suka sa Indiya a wannan layi, kuma Indiya kaɗai ta isa ta karkatar da lissafin. Salon ma ya canza, yanzu ba tankar yaƙi ake fitowa da ita ba, zaɓaɓɓe ne zai hau ya bi doka yana cin doka. Orbán ya samu kashi biyu cikin uku na majalisar Hangari a 2010, ya sake kundi, ya rage shekarun ritayar alƙalai don ya samu guraben naɗa nasa, kafafen yaɗa labarai suka koma hannun abokansa, zaɓe kuma ana yi ba fashi.

A 2023 Andrew Little da Anne Meng suka jefa dutse cikin ruwan, suka ce waɗannan ma'aunai ra'ayin ƙwararru ne, ƙwararru kuma labarai suke karantawa kamar kowa, suna iya ɗaukar firgici. Suka ce a ƙirga abin da ba ya buƙatar ra'ayi, kamar sau nawa mai mulki ke faɗuwa zaɓe, suka ga bai ragu ba. 'Yan V-Dem suka mayar da martani cewa ai mai wayon ba ranar zaɓe yake sata ba, tun kafin nan ya gama, ƙirgen ba zai kama shi ba. Ni ina ganin kowannensu ya kama wani abu. Bolsonaro ya faɗi a Brazil a 2022, jam'iyya mai mulki ta rasa rinjaye a Foland a 2023, a 2024 jam'iyyar ANC ta Afirka ta Kudu ta rasa rinjaye karon farko tun 1994, jam'iyyar da ta riƙe Botswana shekara 58 ta sha kaye ta miƙa, a Koriya ta Kudu shugaba ya ayyana dokar soja ran 3 ga Disamba majalisa ta rushe ta cikin sa'o'i. Abin da ya fi damuna shi ne binciken Graham da Svolik na 2020 a Amurka, da ya nuna ƙalilan ne cikin masu zaɓe za su juya wa ɗan jam'iyyarsu baya don ya taka ƙa'idar dimokuraɗiyya. Kowa na son ta a baki, amma in namu ne ya yi sai a ce ai su ma sun yi.

TAMBAYA: In mafi rinjaye suka zabi a tauye wa wasu hakki, ai dimokuradiyya ce ko? (Daga wani mai karatu)

AMSA: Ƙuri'a ce dai, wannan ba musu. A 2009 'yan Suwizalan kashi 57 da ɗoriya suka zaɓi a hana gina hasumiyar masallaci, lokacin guda huɗu ne kacal a duk ƙasar, kuma ba maguɗi aka yi ba. Masanin falsafar shari'a Ronald Dworkin na ganin rinjaye ba ya ɗaure ka sai in tsarin ya ɗauke ka daidai da kowa, don haka kotu na da hurumin taka wa masu rinjaye birki. Jeremy Waldron ya ce a'a, ai mutane sun saɓa a kan menene ma haƙƙin, kuma su alƙalan in sun saɓa ƙuri'a suke kaɗawa biyar da huɗu, to don me rinjayen mutum tara zai fi na miliyoyi? Amma shi ma ya gindaya sharaɗi, maganarsa na aiki ne a al'ummar da akasarin mutanenta suka ɗauki haƙƙin 'yan tsiraru da muhimmanci. A wannan Suwizalan ɗin dai maza sun kaɗa ƙuri'a a 1959 suka ƙi ba mata 'yancin zaɓe, sai 1971 suka yarda a matakin tarayya, wani ƙaramin yanki mai suna Appenzell Innerrhoden kuwa mazansa suka ci gaba da cewa a'a har sai da kotun tarayya ta tilasta musu a 1990.